Fistan ya narke a injin Yamaha 40: a sake shi kawai ko a buɗe injin duka?

Mai Fito, Guri:
Assalamu alaikum, masana injin ruwa. Yamaha Enduro 40 ne mai silinda biyu, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, yana fito a kogin Haɗeja. Yana cikin tafiya da lodi sai ƙarfinsa ya ragu, ya yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya mutu. Da aka kwance kan silinda, fistan na sama ya zaizaye ta gefen da hayaƙi ke fita, ringi ɗaya ya karye, bangon silinda duk zane. Na ƙasa lafiya lau. Fistan da ringi kawai za a saya, ko da sauran aiki?

Bakaniken Bakin Gada:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yar da fistan ɗin, shi zai faɗa maka abin da ya kashe shi. In rami ne a tsakiyar kansa, wuta ce ke tashi kafin lokacinta: fulogin da bai dace ba, ko saitin wuta ya wuce gaba, ko fetur ɗin 'yan bumburutu mai kalanzir. In ya kankare ta kowane gefe kuma a bushe yake, baƙin mai ne ya yi kaɗan. Naka da ya ci ta gefen hayaƙi, zafi ne, ko dai ruwan sanyaya inji bai isa ba ko iska ta yi wa fetur yawa.

Tunda na sama ne, ruwa nake fara zargi, don silindar sama ce ruwa ke fara yanke wa in famfo ya yi rauni. A kogin nan kacala da yashi su ne abokan gaba. Ganye ya toshe ramukan shan ruwa na minti biyu, robar famfo ta juya a bushe, fukafukanta su ƙone. Sauke ƙafar injin ka duba. In fiffike ya guntule, sai ka nemo guntun, yana nan maƙale a bututu ko a hanyoyin ruwa. Sannan a wanke kafireta, a hure jet, wato ƙananan ramukan da fetur ke bi, da iska, ba da waya ba, a sake sil ɗin karanshaf na sama da na ƙasa. Na sama in ya saki iska yake ja, na ƙasa kuwa ruwa yake shigarwa.

Oga Mai Walda:
Ƙari a kan bayanin Bakanike: buɗe injin dole ne. Guntun ringin da ya karye bai ɓace ba, wani ya bi hayaƙi, wani yana cikin boris ɗin kwanrod. A wanke karanshaf da kalanzir, a juya kowane boris da hannu. Wanda ya yi gurzau ko ya yi launin shuɗi, a sake shi.

Silinda kuma a ja farce a kan zanen. In farce bai kama ba, gogewa ta isa. In ya kama, sai an rarake, a sa fistan mai ƙarin 0.25 ko 0.50 na milimita. A fara sayen fistan ɗin, a Ƙofar Ruwa ko inda aka amince, a kai wa mai rarakewa tare da bulok ya auna da shi. Bayan nan a dakushe bakin tagogin silinda, wato ramukan shigar fetur da fitar hayaƙi, don kaifinsu ke kama sabon ringi ya karya shi.

Mai Fito, Guri:
Allah ya saka da alheri. To na ƙasan fa, a bar shi?

Bakaniken Bakin Gada:
In silindarsa ba ta ci ba, ana iya barinsa da sabon ringi, amma ni na fi son a yi su tare, tunda zafin bai tsallake shi ba. Wajen haɗawa, alamar UP da ke kan fistan ta kalli sama, bakin kowane ringi ya zauna a kan ɗan filinsa, kilif ɗin da ke riƙe fin ɗin fistan sababbi, gaskit duk sababbi. Kusoshin kan silinda a ɗaure daga tsakiya zuwa waje, sau biyu, da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba. In an gama, matsin silindu biyun kada ya bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100.

Tsohon Direban Jirgi, Tiga:
Ɗana, abin da ake raina wa shi ne awa 10 na farko. Baƙin mai lita 1 a fetur lita 25, kuma mai alamar TC-W3, ba na babur ba. Bayan nan a koma rabin lita. A auna da kwalba, ba da ido ba. Awar farko kada a wuce rabin totur, a riƙa sauya gudu, kada a yi lodin buhuna. Kuma duk tayarwa a waiga a ga ruwan sanyaya inji yana tsartuwa ta baya. In ya tsaya ko ya koma ɗigo, a kashe nan take, a ɗaga ƙafa a cire ciyawa.