Neman kalma: me za mu kira "genome sequencing" a shirin baƙon sauro?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu ɗauki shiri kan sauron nan mai yaɗa maleriya, Anopheles stephensi, wanda asalinsa kudancin Asiya ne da yankin Larabawa, aka gan shi a Jibuti a 2012, Habasha da Sudan a 2016, sannan a Jihar Gombe a 2020. Rabin shirin kan "genome sequencing" ne, yadda ake bin sawun sauron da shi. Na rubuta "jeranta ƙwayoyin halitta", amma kunnena bai karɓa ba. A taimaka kafin daren Laraba.

Malamar Ƙwari: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya yi gaskiya. Ba mu ke jerantawa ba, a jere abin yake tun asali, mu karantawa muke yi. Abin da ake karantawa DNA ne, wato rubutun gado da ke jikin kowace halitta. Haruffansa huɗu ne kacal, A, T, C da G, kuma sauro ɗaya na ɗauke da sama da miliyan 200 a jere. "Ƙwayoyin halitta" kuma ta yi nauyin kaya: da ita ake kiran ƙwayar jini, da ita ake kiran abin da ɗa ke gada daga uba, da ita ake kiran gwajin DNA. Ni "karanta kundin gado" nake ba da shawara. Kundi shi ne dukkan rubutun, ƙwayar gado kuma babi guda ne a cikinsa.

Ɗan Ɗakin Gwaji: Na goyi bayan "karanta". Sai dai a raba aiki biyu, don ana yawan cakuɗa su. Na farko tantancewa ne: a ɗebo tsutsa daga tanki ko tsohuwar taya da ludayi, a raine ta har ta zama sauro, a duba shi a na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, sannan a karanta guntu ɗaya, COI mai haruffa kusan 650 ko kuma ITS2, don a tabbatar stephensi ne. Na biyu shi ne karanta kundin gaba ɗaya. A nan ana daddatsa DNA ɗin, na'ura irin ta Illumina ta karanta gutsattsari masu haruffa kamar 150, kwamfuta ta ɗora kowane a gurbinsa bisa kundin da aka riga aka haɗa. Ana son a maimaita kowane gurbi kamar sau 30, domin karatu ɗaya ko biyu ba ya bambance kuskuren na'ura da sauyin harafi na gaske. Duk kalmar da za a zaɓa, ta iya ɗaukar "guntu" da "gaba ɗaya".

Baban Nahawu: To ai Hausa ta gama muku aikin tun kafin a ƙera na'urar. Yaro a makarantar allo da me yake farawa? Babbaƙu, wato kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya ba tare da wasali ba. Abin da na'urarku ke yi ke nan. Ku ce "babbaƙun gado". In an karanta duka kuma, "an yi sauka". Kalma ce da kowace tsohuwa ta sani.

Mai Fassara: Baba, kamancen ya yi kyau ƙwarai, amma "sauka" kalma ce mai alfarma. A ce an yi wa sauro sauka a rediyo, waya ba za ta huta ba. Ni dai in ana son gajeriyar hanya, a ce "jinom" kawai a yi bayani sau ɗaya. Mun ɗauki allura, mun ɗauki asibiti, ba abin da ya same mu.

Baban Nahawu: Na janye sauka, amma babbaƙu na nan. Wannan "jinom" kuwa ita ce lalacin da nake kuka da shi kullum. Larabawa na da majalisun da ke zama don ƙirƙiro kalmomin kimiyya, masu Swahili na da tasu hukuma, mu kuma da zarar Bature ya furta abu sai mu lanƙwasa masa baki mu ce Hausa ce. Yaranmu na jami'a sun ɗauka wanda ya fi zuba Turanci shi ya fi ilimi.

Mai Fassara: Da girmamawa Baba, Larabawan ma "jinom" ɗin suke rubutawa da haruffansu. Kuma "harafi" da "wasali" da kake amfani da su aro ne. Aro daga gabas halal, daga yamma haram?

Baban Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa a baki ya zama ɗan gida, ɗana. Naku bai ko kwana ba.

Malamar Ƙwari: Don Allah mu dawo kan sauro, mai shiri na da kwana biyu ne. Abin da mai sauraro ke buƙatar ji shi ne me ya sa ake wannan wahala. Sauron maleriya da aka saba da shi a Afirka ya fi son kududdufin damina a karkara. Wannan shi tankin ruwa, ganga da ramin ruwan magina a cikin gari sun ishe shi, har da rani, kuma yana ɗaukar ƙwayar cutar iri biyu, falciparum da vivax. Jibuti ta ƙirga masu cutar 27 a 2012, zuwa 2020 sun haura 73,000. Dire Dawa a Habasha ta ga ɓarkewar cutar a tsakiyar rani a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fitar da gargaɗi tun 2019.

Karatun kundi yana amsa tambayoyin da ido ba ya amsawa. Sauron wannan gari da na wancan dangi ne na kusa, ko shigowa biyu aka yi daban-daban? In dangi ne a kan hanyar manyan motoci ɗaya, an san inda za a tsare. Sannan batun jure magani. Gwajin bututu, inda ake sa sauro awa ɗaya a jikin takarda mai magani a ƙirga matattu bayan awa 24, yana nuna cewa ya jure, amma ba ya faɗin dalili. A gabashin Habasha an samu sauron na jure maganin gidan sauro alhali sauyin harafin da aka fi nema, kdr, bai yawaita ba. Wanda ya karanta wannan guntu kaɗai sai ya ce lafiya lau. Sai an buɗe kundin duka ake iya ganin ko ya ninka ƙwayoyin gadon da ke narkar da guba a jikinsa. "Babbaƙu" ba ta ba ni hanyar faɗin "babi" da "ninki", "kundi" kuwa ta ba ni.

Ɗan Ɗakin Gwaji: A saka inda aikin ke lalacewa ma. Sauron da aka bari a danshi DNA ɗinsa ruɓewa yake, don haka ko dai a sa kowane ɗaya a ƙaramin bututu da silika mai tsotse danshi, ko a cikin barasar gwaji mai ƙarfi. Macen da ta sha jini, cikinta cike yake da DNA na mutum ko na saniya, sai karatu mai yawa ya tafi a banza. Babban kuskure kuma shi ne kwaso tsutsa 50 daga tanki ɗaya. Yawancinsu 'yan uwa ɗaya ne, sai lissafi ya nuna kamar sauron garin duka iri ɗaya ne. A ɗauki kaɗan daga wurare da yawa, a rubuta rana da wurin kowane.

Mai Shirin Lafiya: Na gode Malama, na gode malamai. Na karanta "kundin gadon sauro" da ƙarfi sau uku, sai nake jin "gidan sauro", ko ma gadon kwanciya. A rediyo ba a komawa baya a sake ji. Me za ku ce da "karanta kundin halittar sauro"?

Malamar Ƙwari: Ta fi sauƙi a kunne. Mun rasa ma'anar gado, amma jimla ɗaya za ta maido da ita: rubutun da sauro ya gada daga iyayensa.

Mai Fassara: Na yarda a rediyo. A rubuce zan ci gaba da sa "jinom" kusa da ita, don ɗalibi ya iya neman ƙarin bayani.

Baban Nahawu: Ba ta kai tawa ba, amma tunda ba jinom ba ce, ku tafi da ita. Sai dai ka kira haruffan nan huɗu babbaƙu ko sau ɗaya ne a shirin. Kuma "baƙon sauro" da ke kan taken nan ban yarda da ita ba. Wanda ya haura shekara goma a Jibuti yana hayayyafa ba baƙo ba ne, ɗan kama-wuri-zauna ne.

Mai Shirin Lafiya: Babbaƙu za ta shiga sau ɗaya, Baba. "Baƙon sauro" kuwa ta riga ta fita a tallar shirin tun jiya, sai dai a shiri na gaba.