Firam ɗin kan jirgina ya gantsare, in miƙe shi ko in ƙera sabo?

Salam 'yan uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da wani tsohon kan jirgin ƙasa na wasa, ƙaramin samfurin nan mai girman da ake kira HO, wato kashi 1 cikin 87 na jirgin gaske, irin mai tururi da sanduna a jikin ƙafafu. Firam ɗin da ƙafafun suke ciki ya kumbura ya ɗan gantsare, ga wasu siraran tsagu a jikinsa, in na ba shi wuta sai moto ya riƙa gurnani amma ƙafa ta ƙi juyawa. Kayan gyaransa kuma an daina yi tuntuni. Ya zan yi?

Amsa ta farko: Ka tsoma shi a ruwan zafi, in ya yi laushi ka matse shi tsakanin katako biyu har ya huce, shikenan.

Amsa ta biyu: A'a malam, wannan dabarar ai ta roba ce. Mai tambaya, in firam ɗin ƙarfe ne mai nauyi mai launin toka to zamak ne, haɗin zink da alminiyom da ɗan magnesiyom da jan ƙarfe, kuma ciwon nan sananne ne a kayan da aka zuba daga shekarun 1930 zuwa 1950, dalma ce ta gurɓata haɗin tun ranar zubi shi ne yake cin kansa daga ciki, laima kuma tana ƙara masa sauri. Ba ya warkewa. Kana matsa shi zai ruguje maka kamar busasshen biskit wlh.

Tagulla za ka nema, wadda ake cewa bras, falle mai kaurin milimita 1 ko kusa da haka. Yanko gefe biyu ka manne su da dalma su zama ɗaya, ka huda su lokaci guda sannan ka raba, ta haka ramukan aksil za su yi daidai da juna. Kuma kar ka kuskura ka ɗauki awo a jikin tsohon firam, ai ya riga ya kumbura, ƙarya zai faɗa maka. Sandunan da suke haɗa ƙafafu su ne ma'auninka, tazarar ramukansu ita ce tazarar aksil, ka ɗora su a kai ka yi alama. In ka kuskure ko kaɗan jirgin zai riƙa ɗingishi yana cijewa a wuri ɗaya duk zagaye.

Amsa ta uku: Yallabai ya gama magana, ni dai ƙari ɗaya, wajen mayar da ƙafafu ka tabbata fil ɗin sandar dama da na hagu sun saɓa da digiri 90, kuma ka lura da ɓangaren ƙafafun da aka tsare don kar lantarki ya ratsa zuwa aksil, kar tagulla ta haɗa maka wutar layin dogo biyun. Masu cewa a buga da firintar 3D ban hana ba amma ba shi da nauyi, sai ka cusa dalma in ba haka ba ƙafa ta riƙa sulɓi, ga PLA, robar da ake bugawa da ita, wajen zafin digiri 60 na Celsius ya fara laushi, kusa da moto kuwa ban yarda da shi ba.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na duba, ƙarfe ne kam, har wani ɗan gefe ya ɓalle a hannuna yanzu. Sandunan lafiyarsu ƙalau. Yallabai ramin aksil ɗin in sa masa bushi ne ko tagullar kawai ta isa?