Gwiwar Hajiyarmu ta hana ta sujada, ko allurar 'yan Sin za ta taimaka?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu shekararta 67, shekara huɗu ke nan tana fama da gwiwar dama. Likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya cinye. Yanzu a kujera take sallah, in za ta tashi sai ta dafa bango tana salati. Maganin kashe zafi kuma ya fara taɓa mata ciki. Yayanmu da ke zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kaya ya ce a can ana soka wa mutum siraran allurai ciwo ya lafa, akupanca suke ce mata. Tana shan maganin hawan jini da asfirin kullum. Don Allah wanda ya sani ya ba mu shawara, tausayinta ya ishe ni.

Wani ɗan kasuwa:
Wa alaikumus salam. An yi mini a gadon bayana sau shida. Allurar siririya ce kamar gashi, kuma babu ruwan magani a cikinta. Za ki ji ɗan tsini, sai wani nauyi a wurin, a bar su kamar minti 20 a zare. Na samu sauƙi na wata biyu, daga baya ciwon ya dawo.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Allah ya ba Hajiya lafiya. Ƙanwata, asalin abin daga Sin ne, sama da shekara 2,000. Su a fahimtarsu akwai wani ƙarfi da suke kira "ci" mai bin wasu hanyoyi a jiki, in ya toshe sai ciwo, allurar ce ke buɗe shi a wasu gurabe 361. Likitoci ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyin a jikin mutum ba. Abin da aka fi yarda da shi, allurar na taɓa jijiya ne, sai jiki ya saki sinadaransa na kashe zafi. A gwaje-gwaje da dama ma, waɗanda aka soka wa a gurbin da ba daidai ba sun samu sauƙi kusan daidai da sauran.

A Ingila hukumar NICE, mai ba likitoci shawara kan hanyoyin magani, ta amince a gwada ta ga mai yawan ciwon kai, a Amurka kuma tun 2020 inshorar tsofaffi ke biyan kuɗinta ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Duk dai rage zafi ne. Guringuntsin da ya cinye allura ba ta mayar da shi. Abin da ya fi damuna asfirin ɗin nan, yana tsinka jini, wurin na iya yin taruwar jini. Ku fara tambayar likitanta, kuma kada wani ya sa ta ajiye maganin hawan jini.

Wata uwa:
'Yata, ko ƙaho za a yi mutum na duba askar wanzami. Ku tsaya a yage ledar allurar a gabanku, sabuwa fil, a jefar bayan an gama. Allurar da aka maimaita tana yaɗa ciwon hanta. Sannan ku kai ta wajen masu gashin ƙashi su koya mata motsa cinya, ni shi ya tashe ni.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Talata take da ganin likita, zan je da katin magungunanta in tambaye shi batun asfirin ɗin, in kuma roƙi ya tura mu gashin ƙashi.