An ƙara mini girma amma aikin ya fita raina, ina neman shawara

Mai neman shawara:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, musamman waɗanda suka daɗe a aiki.

Ni injiniya ne a wata masana'anta. Da can aikina kula da injuna ne: idan ɗaya ya tsaya ni ake kira, in kwance shi, in gano inda matsalar take, in tayar da shi. Bara aka ƙara mini girma zuwa manajan sashe. Albashi ya ƙaru, an ba ni ofis, amma tun daga lokacin ban sake jin daɗin aiki ba. Yanzu a taro nake yini, sai rubuta rahoto, sai raba gardamar ma'aikata, sai sa hannu a takardar gargaɗi ga mutanen da jiya tare muke cikin baƙin mai. Ina komawa gida a gajiye, amma da za a ce in nuna abin da na yi ranar, ba ni da abin nunawa.

To yanzu wani kamfani ya ba ni aiki irin na da, sai dai albashin ya gaza wanda nake karɓa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Maiɗakina ta ce in yi abin da hankalina ya kwanta da shi. Yayana kuwa cewa ya yi butulci ne, wasu rabin wannan matsayin suke nema ido rufe. Shin rashin godiya ke damuna, ko akwai abin da ban gane ba?

Wani dattijo, tsohon ma'aikaci:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka saki reshe ka kama ganye. Na yi aiki har na yi ritaya, kuma ban ga wanda shekarar farko ta shugabanci ta yi wa daɗi ba. Yau kana iya durƙusawa ƙarƙashin inji, gaba gwiwa da baya za su hana ka. Iyali kuma ƙaruwa suke yi. Ka yi haƙuri ka ƙara lokaci, za ka saba.

Wata malama mai koyar da nazarin halayyar ma'aikata:

Baba ya faɗi gaskiya game da nauyin iyali, amma da izininsa, ba kowa ke sabawa ba. Injiniya, abin da ka bayyana sananne ne, kuma ba butulci ba ne.

An yi wani masani a jami'ar MIT ta Amurka, Edgar Schein, wanda ya bi diddigin mutum 44 da suka gama karatu a makarantar koyon gudanarwa ta jami'ar, sama da shekara goma yana duba yadda rayuwar aikinsu ke tafiya. Abin da ya lura da shi, kowannensu na da abu guda da ba zai iya sadaukarwa ba idan aka tilasta masa zaɓi, kuma duk inda ya je wannan abin ke jawo shi. Da farko ya ƙirga guda biyar, daga baya ya kai su takwas. Wani ƙwarewa a fanninsa ce ba zai iya bari ba. Wani jagorancin mutane yake so tun asali. Wani kwanciyar hankali da tabbacin aiki, wani 'yancin kansa, wani ƙirƙiro nasa, wani yi wa al'umma hidima, wani fuskantar abu mai wuya, wani kuma aikin da ba zai cinye masa lokacin iyali ba. Schein ya ware mai son ƙwarewa daban da mai son gudanarwa, don sau da yawa ana ɗauko na farkon a ɗora shi kujerar na biyun da sunan lada, sai a rasa gwani a kuma samu manaja mai ƙunci. Ya kuma ce mutum ba ya gane nasa sai ya yi wasu shekaru yana aiki. Saboda haka kada ka zargi kanka don ka karɓi muƙamin; a lokacin ba ka da abin da za ka gwada da shi.

Batun albashi kuma, a wani bincike da aka wallafa a 1959, wani masani mai suna Frederick Herzberg da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh su ba da labarin lokacin da suka fi jin daɗin aiki da lokacin da suka fi jin takaici. Amsoshin sai suka rabu gida biyu. Labaran takaici sun fi zagaye dokokin kamfani, halin shugaba da yanayin wurin aiki. Labaran jin daɗi kuwa sun fi zagaye aikin kansa, cim ma wani abu, da yabo a kan abin da mutum ya yi. Herzberg ya sa albashi cikin rukunin farko: idan ya yi kaɗan yana ɓata rai, amma ƙaruwarsa ba ta isa ta sa ka so aikin ba. Masana sun yi ta sukar yadda ya yi binciken, ni ma ba na ɗaukarsa wahayi, amma tambayarsa na da amfani.

Ka yi wa kanka ita. Ɗauki takarda ka rubuta ranaku biyar da ka tashi aiki kana murna, da biyar da ka tashi ranka a ɓace, daga tsohon aikin da sabon. Kada ka rubuta "ina son injuna". Rubuta ainihin abin da ya faru ranar: wa ke wurin, me ka yi, me aka ce maka. Wataƙila ba injin kake kewa ba, ganin sakamako a take kake kewa. Wataƙila kuma ba shugabanci ka tsana ba, hukunta abokanka ka tsana. Waɗannan cututtuka ne daban-daban, maganinsu ma daban.

Wani matashi:

Yallaɓai ka ajiye musu muƙaminsu kawai. Kuɗi ba komai ba ne, farin ciki ya fi.

Wata akanta:

Ƙanena, "kuɗi ba komai ba ne" magana ce mai sauƙi a bakin wanda bai fara biyan kuɗin makarantar yara ba. Kada a sa Injiniya ya ji kunyar duba albashi. Ga mutane da yawa albashi na nufin iyayensu ba za su roƙi kowa ba, 'ya'yansu ba za a koro su daga makaranta ba. Wannan ma ƙima ce, kuma tana cikin takwas ɗin da Malama ta lissafa. Wanda tabbacin gobe shi ne abin da ba zai iya bari ba, in ka kai shi aikin da yake so amma aljihu na rawa, baccinsa zai ƙaurace.

Shawarata ta lissafi ce. Tun kana nan, ka ware wannan kashi ɗaya cikin biyar daga albashinka ka ajiye gefe, ku rayu da sauran na wata uku idan kamfanin zai jira, ko na wata ɗaya idan ba zai jira ba. In gidan ya tafi lafiya, ka san ragin ba zai karya ku ba, ga ajiya kuma ka samu. Sannan kada ka kwatanta albashi da albashi kaɗai: duba fansho, inshorar lafiya, alawus na ƙarin lokaci da kuɗin zirga-zirga. Kuma "yi abin da hankalinka ya kwanta da shi" da maiɗakinka ta ce, ka zauna da ita da alƙaluma a gaba ka sake tambayarta. Ita za ta fi kowa jin ragin.

Wani ma'aikacin sashen kula da ma'aikata:

Kowa na magana kamar hanya biyu ce, zama ko tafiya. Injiniya, ka taɓa gaya wa shugabanka? Mu a ofis mun fi jin haushin wanda ya kawo takardar ajiye aiki ba tare da ya taɓa buɗe baki ba. Tun 1969 wani marubuci mai suna Laurence Peter ya yi wa wannan ɗabi'a ta kamfanoni ba'a, cewa ana ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi inda bai iya ba. Shi ya sa kamfanonin fasaha da yawa suka buɗe tsani biyu, na manajoji da na ƙwararru, inda babban injiniya zai hau mataki da albashi ba tare da ya riƙe sashe ba. Ka tambaya ko naku na da shi.

In babu, ana iya gyara aikin daga ciki. Wasu masana biyu, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun yi rubutu a kan haka a 2001, har suka kawo misalin masu shara a asibiti: aiki ɗaya, amma wasunsu sun faɗaɗa shi da kula da marasa lafiya da masu jinyarsu, suna ganin kansu cikin masu taimaka wa warkewa. Kai ma za ka iya neman mataimaki ya ɗauke maka rahotanni, ka riƙe manyan gyare-gyare.

Sabon kamfanin kuma ka tambaye su ƙarara: wanda ya ƙware a wurinsu ina yake zuwa bayan shekara uku? In amsar manaja ce, ka ga ka rage albashi ne don ka sake dawowa nan.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malama, na yi rubutun, kuma abin ya ba ni mamaki. Biyu daga cikin ranakun murnar a sabon muƙamin suke, duka ranakun da na tsaya kan wani yaro sabon ɗauka har ya gano matsalar inji da kansa. Na ɓacin ran kuwa kusan duka takardar gargaɗi ce da taron kasafi. Baba, ban yi watsi da maganarka ba, batun gwiwa ya tsaya mini a rai. Zan ga shugabana kafin in ba wancan kamfanin amsa. Ta ina zan fara masa, kada ya ɗauka barazana nake yi?

Ma'aikacin sashen kula da ma'aikata:

Kada ka ambaci tayin da aka yi maka a zaman farko. Je da shafi ɗaya: awa nawa injuna suka tsaya tun da ka bar wurinsu, ayyukan da kake so ka riƙe ciki har da horar da sababbi, waɗanda kake so a ɗauke maka, da wanda kake ganin zai iya ɗaukarsu. Ka nemi a gwada na wata shida. Sannan ka roƙi wancan kamfanin su ƙara maka mako biyu kafin ka ba su amsa.