Neman shawara kan kafa ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar jiragen sama a Damagaram

Assalamu alaikum. Mu ɗalibai ne a jami'a a nan Damagaram, muna son kafa ƙungiyar masu sha'awar harkar jiragen sama. Mun rubuta dokokin ƙungiya, mun kuma samu malamin da zai tsaya mana, amma batun izini ya tsayar da mu cik. Burinmu shi ne mu ziyarci hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage a filin jirgin Zinder, sannan mu gwada tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi da muka harhaɗa, wanda har yanzu yana cikin kwali. Shin ASECNA, hukumar kula da lafiyar zirga-zirgar jirage ta wasu ƙasashen Afirka, za mu rubuta wa, ko ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar Nijar da ke Yamai, kuma wa ya kamata ya sa hannu a takardar? Muna roƙon tsofaffin ɗaliban EAMAC, makarantar koyon harkar jiragen sama da hasashen yanayi, su haska mana hanya.