Riɗi tan 38 a hannuna: Jebel Ali ko Mersin, wace tasha ce yaƙi ya fi saurin rufewa?

Mai Riɗi, Tudun Hatsi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Shekara 11 ke nan ina sayen riɗi a kasuwannin Kumo, Dukku da Bajoga ina sayar wa masu fitarwa a Kano, amma bana na ƙudurta fitar da kwantena biyu da kaina. Masu saye biyu ne suka amsa mini. Na farko yana Dubai, a tashar Jebel Ali ake sauke masa kaya, kuma ya ɗara ɗayan da dala 70 a kowane tan. Na biyu ɗan Turkiyya ne a Mersin. Dukansu sulusin kuɗi za su ba ni a gaba, ciko kuwa sai kaya sun sauka a tasharsu. Da na buɗe taswira sai na ga Jebel Ali tana can cikin Tekun Fasha, babu shiga babu fita sai ta mashigin Hormuz, alhali Mersin tana fuskantar Bahar Rum a sarari. Ina roƙon wanda yaƙi ya taɓa ritsawa da kayansa a teku ya faɗa mini ko wannan bambancin ya isa in bar ƙarin kuɗin, domin jarin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na ƙannena biyu da na surukina.

Ɗan Azare:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kai kayanka Dawanau ka karɓi kuɗinka a hannu. Ni da nake shigo da kayan gini daga Guanzu ta ƙasar Sin, a 2024 sai da na biya dala 6,000 kuɗin dakon kwantenar da a da nake biya wa 3,000, kuma aka ce mini rikicin Bahar Maliya ne sanadi.

Malam Mai Jogarafi, Yalwa:
Alhaji, tambayarka tana kan hanya, sai dai ƙuncin mashigi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Jirgin da zai je Mersin daga Legas dole ya bi ta Jibraltar, wanda bai kai kilomita 15 ba a inda ya fi ƙuntata, wato ya fi Hormuz matsi nesa ba kusa ba, amma masu zaune a gaɓoɓinsa, Sifaniya da Maroko da Birtaniya, babu mai niyyar tare jiragen kasuwa. Abin dubawa shi ne wanda yake zaune a bakin ƙofar. A Hormuz gaɓar arewa ta Iran ce gaba ɗaya, layin shiga da na fita kowanne faɗinsa mil biyu ne na teku, kuma a Afrilun 2024 dakarun Iran sun sauka daga helikwafta sun kama jirgin kwantena MSC Aries a kusa da wurin. Idan kuma aka bi da kayanka ta Suwez, kafin Hormuz akwai Babul Mandab mai faɗin kimanin kilomita 30, inda 'yan Huthi na Yaman, waɗanda ba su da rundunar ruwa ta kirki, suka kori manyan kamfanoni zuwa zagayen Afirka ta Kudu tun ƙarshen 2023 da makamai masu linzami daga kan tudu. Abu na biyu shi ne ko tasha tana da ƙofar baya. Tashar Hor Fakkan tana cikin Daular Larabawa kamar Dubai, amma a wajen Hormuz take, a gaɓar Tekun Oman, kuma daga can zuwa Dubai a mota kusan tafiyar Gombe zuwa Bauchi ce. Ka tambayi mutuminka ko zai karɓi kaya a can.

Alhaji Mai Fulawa, Muda Lawal:
Malam, taswirarka daidai ce, amma ni a jikina na karanta wannan darasi. A Janairun 2022 mu biyar muka haɗa kuɗi ta hannun wani dillali a Legas, muka sayi kaso a cikin alkamar da za a ɗora a Mikolayib ta Yukren. Na sayar da fili biyu a kan wannan harka, na kuma karɓi bashi a hannun yayana. Ban taɓa tambaya ina Mikolayib take ba, na ɗauka tasha duk tasha ce. Ashe ba a bakin teku take ba, a cikin kogi take, kuma jirgin da zai fita sai ya ratsa siririyar hanya tsakanin garin Ochakib da wani tsinin ƙasa da ake kira Kinburn. Yaƙi ya ɓarke ran 24 ga Fabrairu jirginmu yana ɗaure a tasha, daga baya sojojin Rasha suka zauna a Kinburn ɗin, shi ke nan an toshe bakin tulu.

Da aka ƙulla yarjejeniyar fitar da hatsi a Istanbul a Yulin 2022 na yi sujadar godiya, na kira yayana na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Sai da aka kwana biyu na gane tashoshi uku kawai ta shafa, Odesa da Chornomorsk da Pibdenni, waɗanda suke fuskantar buɗaɗɗen ruwa. Tan kusan miliyan 33 aka fitar ta cikinsu a shekara guda, namu ko ƙwaya ba ta motsa ba. Da muka nemi diyya aka nuna mana wani layi a takardar inshora wanda ya ce hasarar yaƙi ba ta ciki sai an saye ta daban, dillalin kuma ya daina ɗaga waya. Har yau ina biyan yayana, kuma tun daga lokacin matarsa ba ta sake taka gidana ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma dillalin nan shi ne ya cuce ku, domin ya san inda ya kai kuɗinku. Ɗan Azare kuma, a wannan shekarar da kake faɗa dala 4,200 na biya, ka binciki ejan ɗinka.

Ɗan Azare:
Hajiya, taki ƙarama ce mai ƙafa 20, tawa mai ƙafa 40 ce, kuma a tsakiyar damina na yi lodi lokacin da farashi ya hau. Shi kuma Malam, da girmamawa nake tambaya, ko buhu ɗaya ya taɓa ɗorawa a jirgi? A nan shawarar wanda ya yi hasara ita ce abin ji.

Malam Mai Jogarafi, Yalwa:
Ban taɓa ba, ɗan'uwa. Amma Alhaji Mai Fulawa da bakinsa ya ce abin da ya kayar da shi rashin tambayar inda tashar take ne, kuma wannan ita ce sana'ata.

Babarbaren Jekadafari:
Ikon Allah, Fulanin Gombe da ruwan da suka sani bai wuce na Dadin Kowa ba, yau su ne suke raba wa jiragen teku hanya.

Hajiya Mai Atamfa:
Kai da tafkin Chadi ya gudu ya bar ku a kan rairayi, ka bari masu jari su yi magana.

Baba Tsohon Soja, Tirwun:
'Ya'yana, jikana ne yake rubuta mini. Ba sai kun je Yukren ba, abin da ya sami Alhaji a ƙasar nan na gan shi da idona. A yaƙin basasar Biyafara ina cikin dakarun da Benjamin Adekunle ya jagoranta. A ƙarshen Yulin 1967 aka sauke mu a Boni, tsibirin da yake bakin kogin da ake bi zuwa Fatakwal, kuma daga ranar Fatakwal ta tashi daga aiki a matsayin tasha, alhali ba a shiga garin ba sai Mayun 1968. Jiragen yaƙin Najeriya a lokacin 'yan kaɗan ne, da gaɓar a miƙe take mai tashoshi barkatai da ba su isa tsare ta ba, amma gaɓar can fadama ce da surƙuƙin itatuwa, babban jirgi ba shi da mashiga sai bakunan koguna ƙalilan. Da Kalaba ta faɗi a Oktoban 1967 sai ya zama abinci da magani ta sama kawai suke shiga Biyafara, daga baya ta filin Uli da dare. Yaran da na gani a ƙauyukan can da kumburarrun cikuna har yau suna zuwar mini a mafarki. Ɗana mai riɗi, tashar da take da ƙofa ɗaya kada ka kai mata amanar mutane.

Mai Riɗi, Tudun Hatsi:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Alhaji Mai Fulawa, inshorar yaƙin nan nawa ake sayenta, kuma tana biya idan jirgi bai nutse ba, tsare shi kawai aka yi? Wannan nake so in sani kafin in kira na Dubai a kan maganar Hor Fakkan.

Direban Tirela, Bypass:
Alhaji, kana lissafin Hormuz, ka yi lissafin Gombe zuwa tashar Apapa ta Legas tukuna. Makon jiya kwana shida na yi da lodin waken suya, kuma daga Akwanga zuwa Lokoja na daina ƙirga shingayen da aka karɓi kuɗi a hannuna, kowa da rasidinsa, wasu ma babu rasidin. A ƙofar tasha kuma sai da na ƙara kwana huɗu a layi.

Alhaji Mai Fulawa, Muda Lawal:
Wannan ita ce maganar da take ƙona mini rai. Layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964, kuma da shi iyayenmu suke kai gyaɗa da auduga bakin ruwa. Yau ku je tashar jirgin ƙasa ta Gombe ku ga abin da ya rage. Da layin yana aiki, riɗin Alhaji a tashar Onne ta kusa da Fatakwal za a ɗora shi, babu ruwansa da Legas.

Ɗan Azare:
Kalaba ma ta fi kusa da mu, amma shekara nawa ake alƙawarin yashe hanyar ruwanta manyan jirage su samu shiga? Direba, nawa ka kashe a shingayen gaba ɗaya? Ina da lodi ranar Laraba, ina so in san abin da zan ba yarona ya riƙe.