Waɗanda suka taɓa shiga binciken likitoci kan matsalar barci, ku zo mu ji daga bakinku

Idon Mujiya

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina fama da rashin barci, irin wanda za ka kwanta jiki a mace amma ido ƙyam har gari ya waye. Likitan da ke duba ni ya ce ana neman masu sa kai a binciken wani sabon maganin barci, ya ba ni takardar amincewa ya ce in karanta a natse kafin in ba shi amsa. Na karanta, amma na fi son in ji daga bakin wanda ya shiga. Don Allah duk wanda ya taɓa yi, ko na rashin barci ne ko na minshari ko wani iri, ya faɗa mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Baban Minshari

Wa alaikumus salam 'yata. Ni nawa ba na magani ba ne, na na'ura ne. Wata ƙaramar na'ura suke gwadawa wadda mutum zai kwana da ita a gida, suna so su ga ko sakamakonta zai zo daidai da na cikakken gwajin da ake yi a ɗakin barci na asibiti. Don haka duka biyun na yi.

Bari in ba ki labarin daren asibitin, tunda shi mutane suka fi tsoro. Da yamma ake zuwa, kai a wanke, ba a shafa mai. Ma'aikacin ya ɗauko tef ɗin awo ya auna kaina gaba da baya, yana ɗiga alama da fensir mai launi, sannan ya goge kowane wuri da wani abu mai ɗan kaushi, ya manna 'yan ƙananan faifan ƙarfe da farin man ɗanko. Su ne ke ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ya sa biyu a gefen idanu, saboda akwai matakin barci da ƙwayar ido ke ta kai-komo a ƙarƙashin fata, wanda Aserinsky da Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953, kuma a cikinsa aka fi yin mafarki. Wasu a haɓa, wasu a ƙwauri, ɗamara a ƙirji da ciki, siririn bututu a bakin hanci, sai ɗan matsi mai jan haske a yatsa da ke auna oksijin a jini. Duk wayoyin aka tattare su a ƙeya suka shiga wani ɗan akwati. Ba allura, ba zafi, ba kuma wutar da ke shiga jikinki. Kafin a kashe fitila sai ga muryarsa ta lasifika: duba hagu, duba dama, ƙifta ido, cije haƙora, riƙe numfashi, motsa yatsun ƙafa. In fitsari ya matsa miki magana kawai za ki yi, yana jin ki, ya zo ya zare akwatin ki tafi da shi a hannu.

Da safe na ce masa ban runtsa ba, ya yi dariya ya ce barcin da na yi ya ishe su karantawa. Abin da suke ƙirgawa shi ne sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na aƙalla daƙiƙa 10 a cikin kowace awa. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Nawa ya haura 30.

Amma ki lura, masu binciken ba su yi min magani ba. Takarda suka ba ni na kai wa likitana, shi ya ɗora ni a kan na'urar CPAP mai hura iska ta takunkumi don kada maƙogwaro ya rufe, wadda Colin Sullivan na Sidni a Ostiraliya ya fito da ita a 1981. Ki tambaya tun farko ko za su ba ki sakamakon gwajinki, don ba kowane bincike ke bayarwa ba. Man ɗankon kuwa sai da ruwan ɗumi yake fita, ki shirya masa.

Uwar Biyu

'Yar uwa, nawa irin naki ne sak. Abin da ya fi ba ni wuya barin tsohon maganina ne. Kafin su fara ba ki nasu sai kin daina duk wani maganin barci na wani lokaci, don ya fita daga jini. Ni da jikina ya saba da ƙwaya na ga tasku a makonnin nan: rashin barcin ya dawo ya fi na da, ga saurin fushi, yara har kauce min suke yi. Kada ki daina da kanki ki ce kina shiri, akwai magungunan barcin da sai an janye su sannu a hankali a hannun likita.

Daga nan kullum da safe sai na cike littafin barci: ƙarfe nawa na kwanta, tsawon wane lokaci kafin barci ya ɗauke ni, sau nawa na farka. Ga wani agogon hannu da motsi kawai yake ɗauka. Maganin daga cikin masu toshe oreksin ne, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke riƙe mutum a farke. A 1998 aka gano sinadarin, kuma maganin farko na wannan rukuni, suvorexant, a 2014 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi. Kwamfuta ke jefa ƙuri'a, wasu su sami na gaske, wasu filasibo, ƙwaya mai kama da shi amma ba magani a ciki. Ban san nawa ba, likitan ma bai sani ba. Barcina ya fara gyaruwa, na yi ta murna na dace da na gasken. Bayan an rufe binciken gaba ɗaya, an yi dogon shiru har na cire rai, sai ga wasiƙa: filasibo na sha. Ni dai a ganina tsayayyen lokacin kwanciya da barin kofi da yamma da littafin nan su suka yi aikin.

Ƙorafina ɗaya. Lokacin da suke buƙatata waya ba ta hutawa, ranar da na mayar da ragowar ƙwayoyi shi ke nan, ɗif.

Direban Dare

Ni ko ƙofa ban wuce ba. Na amsa tambayoyi takwas na ma'aunin Epworth, masu tambayar ko kana gyangyaɗi in kana karatu, ko kallo, ko zaune a mota. An ɗebi jini da fitsari. Da suka ji aikin dare nake yi sai suka ce a'a, ba za su iya raba tasirin magani da na juya dare rana ba. Mata kuma ana musu gwajin ciki. Kada ki sa rai sai an gama tantancewa.

Kawu Mai Shakka

Ku yi haƙuri yara, ni ban yarda ɗan Adam ya zama zakaran gwajin dafi ba. Na je na ji bayanin wani bincike na ƙafa mai hana barci, wadda da dare take ta tsikari sai ka motsa ta, na dawo ban sa hannu ba. Mai bayanin sauri yake yi, duk tambayar da na yi sai ya ce yana cikin takarda. Kun manta abin da aka yi a Tuskegee? Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka na bin baƙaƙen fata masu ciwon tunjere tana rubuta yadda cutar ke cin su, har bayan an san fenisilin na warkarwa ba a ba su ba.

Nas Mai Bincike

Kawu, gaskiyarka, kuma ka yi daidai da ka fita. Na yi aikin kula da masu sa kai, kuma duk wanda ya kasa zama ya amsa tambayoyinka har ka gamsu bai yi aikinsa ba. Sa hannu shi ne abu na ƙarshe, bayani shi ne aikin. Irin wannan ta'asa, musamman ta likitocin Nazi, ita ta haifar da ƙa'idodin yanzu: Dokar Nurembag ta 1947, da Sanarwar Helsinki da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, ana ta sabunta ta har 2024. Ba a fara bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a mai zaman kansa ya duba tsarin ya amince.

Idon Mujiya, duba takardarki ko akwai sunan wannan kwamiti da yadda za a same shi. Duba lambar rajistar binciken. In ta fara da NCT, ta ClinicalTrials.gov ce, rumbun bayanan binciken likitoci na intanet da aka buɗe a 2000, kina iya shiga ki ga wa ke ɗaukar nauyi da abin da ake aunawa. Ki tambayi matakin gwajin: na 1 mutane kaɗan ne, galibi lafiyayyu, ana duba ko jiki zai ɗauka, na 3 mutane da yawa ne, an riga an san abubuwa da dama game da maganin. Sai tambayar da mutane ke jin nauyin yi: in maganin ya yi min illa, wa zai biya jinya? Kuɗin da ake bayarwa na mota ne da ɓata lokaci. In kika ga kuɗin ake ta kwarzantawa fiye da haɗarin, ki ja baya.

Abin da na fi sha wuyar fahimtar da mutane shi ne, likitan bincike amsar tambaya yake nema. Yana kula da lafiyarki, amma ba zai ƙara miki ƙwaya ko ya canza ta don ta dace da ke ba, tsarin ya ɗaure shi.

Sarkin Gyangyaɗi

Nawa na narkolefsi ne, ciwon da barci ke kwashe mutum ba shiri da rana tsaka. Bayan daren wayoyin da Baba ya bayyana, ba su sallame ni ba, sai aka shiga gwajin rana. Duk bayan awa biyu a ce kwanta ka gwada barci, a ba ka minti 20, haka har sau biyar. Tsakani kuma ba a yarda ka runtsa ba, ma'aikaciyar na leƙowa tana kiran sunana. Wannan zaman jiran ya fi komai azaba. Suna duba ko matsakaicin lokacin da barci ke ɗauke ka bai wuce minti 8 ba, da ko ka faɗa matakin mafarki da wuri aƙalla sau biyu. A binciken na fara haɗuwa da wani wanda shi ma gwiwoyinsa ke saki in ya yi dariya sosai. Kafin nan a gida da makaranta malalaci ake ce min. Maganin ya yi min amfani, sai dai da aka gama aka karɓe, saboda bai fito kasuwa ba. Ki tambaya ko akwai zangon ci gaba da shan maganin bayan an gama, wasu na da shi, nawa ba shi da.

Ba Agogo

Ni lafiyata ƙalau, binciken agogon jiki na shiga ina ɗalibi. Ɗaki ba taga, ba waya, ba agogo, haske dishi-dishi, ma'aikata ma an hana su cewa ina kwana ko ina wuni don kada ka gane lokaci. Lokaci-lokaci ka tauna auduga su auna melatonin, sinadarin da jiki ke fitarwa in dare ya yi, a yawu, ka zauna gaban allo kana danna maɓalli da zarar lamba ta fito. Kleitman ya yi makamancin haka a kogon Mammoth na Amurka a 1938, kwana 32 shi da ɗalibinsa suna gwada rana mai awa 28. Ban sake yi ba, kaɗaicin ya ishe ni.

Anti Mai Haƙuri

Ni na shiga na fita a tsakiya. Maganin na sa ni barci, amma da safe kaina ya yi nauyi, wata rana na tsinci kaina ina gyangyaɗi a danja, na baya na ta hon. Ranar na kira su na ce na daina. Ba wanda ya ɗaure min fuska, sun dai roƙi in zo a duba ni sau ɗaya a rubuta abin da ya faru, kuma likitana ya ci gaba da gani na yadda ya saba. In kina tuƙi ko aiki da inji, wannan tambayar ki sa ta gaba.

Idon Mujiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina tuƙa yara makaranta kullum, kuma ina kan ƙwaya yanzu, don haka maganar Anti da ta Uwar Biyu sun tsaya min. Shin akwai binciken rashin barci da ba na ƙwaya ba?

Malamin Lissafi

Akwai, shi na yi. Ana ce masa CBT-I, gyaran ɗabi'a da tunani game da barci, kuma tun 2016 Kwalejin Likitoci ta Amurka ta ce shi ya kamata a fara da shi ga mai daɗaɗɗen rashin barci kafin ƙwaya. Namu ta manhajar waya aka gwada. Kada ki ɗauka sauƙi ne. An duba littafin barcina aka ga awannin da nake barcin gaske, aka ce iyakar abin da zan yi a gado ke nan, sai in barcin ya haɗu a riƙa ƙara min 'yan mintuna. In na kwanta barci ya ƙi, in tashi in bar ɗakin sai ya zo. Lokacin tashi ɗaya ne kullum, ko da daren ya ɓaci, kuma ba barcin rana. Farkon nan gyangyaɗi ya dame ni sosai, don haka maganar tuƙi na nan a wannan ma, ki gaya musu. Shi ma akwai ƙuri'a: abokin aikina ya faɗa rukunin jira, sai da muka gama aka buɗe masa manhajar. Ki tambayi likitanki ko akwai mai yin CBT-I ba ta hanyar bincike ba, sannan ki tambayi masu binciken ko suna karɓar wanda ke kan ƙwaya, namu sun karɓa muddin ba a canza adadinta ba.